Sabuwar waƙa da aikin gida: wane aiki ke ɗaukar ta, wane ne ba ya ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, kusan duk yinina a aikin gida yake ƙarewa. Waƙoƙin da ke wayata na ji su har sun gundure ni, sai ƙanwata ta turo mini sababbi da yawa. Amma in na kunna su ina aiki, ko dai in tsinci kaina a tsaye da ludayi a hannu ina saurare har abinci ya kama, ko kuma waƙar ta ƙi shiga raina in koma kan tsofaffin. Maigidana ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in zaɓi ɗaya. Shin gaskiyarsa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Maigida yana da gaskiya a wasu ayyukan, a wasu kuwa ba shi da ita. Ni sana'ata haɗa sauti ce a situdiyo, na kuma daɗe ina zaɓar waƙoƙin da ake sakawa a rediyo, kuma in za ki bi ta tawa, babu lokacin da ya fi dacewa mutum ya fara jin sabuwar waƙa kamar lokacin aikin gida. Sai dai ba kowane aiki ba.

Aikin gida iri biyu ne a wurin ƙwaƙwalwa, ko da yake a wurin jiki duk gajiya ce. Akwai wanda hannu ya riga ya haddace: wanke-wanke, shara, cuɗa wanki, ɗauraya, shanya, ninkin kaya, goge ɗaki, tsintar wake. Wannan kina iya yin sa kina hira da maƙwabciya ta kan katanga ba ki fasa kofi ko ɗaya ba. Akwai kuma wanda sai kin yi magana da kanki a zuci kafin ya yiwu: gwangwani nawa na zuba, na sa gishiri ko ban sa ba, nawa ya rage a kuɗin cefane, cokali nawa likita ya ce a ba yaro. Wannan maganar zucin da baitin waƙa hanya ɗaya suke bi a cikin kai, kuma hanyar ba ta da faɗi. Tun a 1989 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Pierre Salamé da Alan Baddeley, suka gwada wannan: suka ba mutane jerin lambobi su riƙe a ka, wasu cikin shiru, wasu ana kiɗa zalla, wasu ana waƙa da murya. Masu jin murya su suka fi kowa ɓata lissafi. Kiɗan da babu murya bai yi ɓarna kamar haka ba. To a nan kam taurar maigida ta tabbata.

Mu Hausawa kuma abin ya fi yi mana nauyi, domin waƙarmu ta magana ce. Mawaƙin Hausa, na da ko na yanzu, ba don amo kawai ake jin sa ba. Jira ake a ji me zai ce. Ga habaici, ga zambo, ga kirari, ga karin maganar da ya karya ya ɗaura ta wani gefe. Tsohuwar waƙa kin san baitin da ke tafe, bakinki ma yana riga mawaƙin faɗa, don haka ba ta neman komai daga gare ki. Sabuwa kuwa kowane layi tambaya ce: da wa yake? ina zai ajiye wannan amsa-amon? Abin da ya tsayar da ludayin ke nan. Ki gwada ki gani: ki sa waƙar Indiya ko ta mutanen Mali wadda ba ki jin harshenta, za ki ga hannu bai tsaya kamar yadda ya tsaya ba. Muryar baƙon harshe ma tana ɗan dagula ƙidaya, amma ba ta jan mutum ya bi ma'ana, kuma bin ma'anar ne ke cinye hankali.

Saboda haka rabon mai sauƙi ne. Sababbin waƙoƙin Hausa ki ajiye su sai kin zauna gaban baho, ko kin ɗauki tsintsiya, ko kina ninke kayan yara. Wanki ya fi kowane, domin yana da tsawo, a zaune ake yin sa, kuma babu abin da zai ƙone. In kin shiga kicin a farkon girki, lokacin awo da haɗa kayan miya, ki koma kan tsofaffinki ko ki kashe gaba ɗaya. Guga tana tsakiya: hannu ya san ta, amma dutsen guga ba ya yafe mantuwar daƙiƙa goma a kan mayafi mai santsi.

Yanzu ga ɗaya rabin tambayarki, wanda ni ya fi ba ni sha'awa: me ya sa sabuwar ta ƙi shiga rai?

Ba laifin waƙar ba ne a galibi, ba kuma alamar kin tsufa ba ce. Kunne ba ya son abin da bai sani ba sai ya maimaita ji. Wani masani mai suna Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan cin karo da abu, ko kalma ce marar ma'ana ko hoton fuska, shi kaɗai yana ƙara wa mutum son abin. A waƙa wannan ya fi ƙarfi, domin babban daɗin kiɗa yana cikin jira ne: ki san amshi na zuwa, ki ji ana hawa gare shi, sannan ya sauka inda kika zata. Masu bincike a Jami'ar McGill ta birnin Montreal sun nuna a 2011 cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin jin daɗi da ake kira dofamin tun kafin a kai gaɓar da mai saurare ya fi so, wato tun a lokacin jiran. To wadda ba ki taɓa ji ba, me za ki jira a cikinta? Sabuwar waƙa kamar daddawa take: wanda bai saba ba warinta yake fara ji, sai ta zauna a miya sau da yawa yake gane abin da take yi.

Akwai wani gwaji da aka yi a Jami'ar Toronto ta Kanada, aka buga shi a 2004, wanda kamar don tambayarki aka yi shi. An sa wa mutane gutattsarin kiɗan da ba su sani ba, wani sau 2, wani sau 8, wani sau 32. Kashi ɗaya aka ce su natsu su saurara. Ɗaya kashin aka ba su wani aiki suna yi, kiɗan na tafiya a gefe. Waɗanda suka natsu, son kiɗan ya hau da farko, da maimaicin ya yi yawa sai ya sauko, ya gundure su. Waɗanda ke wani aiki kuwa, son nasu ya yi ta hawa bai sauko ba. Ma'ana, jin waƙa da rabin hankali shi ne hanyar da take shiga a hankali ba tare da ta ƙosar da mutum ba. Mu a rediyo da wannan muke ci, ko da yawancinmu ba su san da wani gwaji ba: waƙar da jama'a suka yi banza da ita a makon farko, in aka ci gaba da sa ta da hantsi lokacin da mata ke aiki, masu shago na jera kaya, bayan 'yan makonni ita ake bugo waya ana roƙo a shirin zaɓi-sonka.

Ga kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: hannu mai kumfa ba ya taɓa waya. In kina zaune a kan kujera da wayar a tafinki, sabuwar waƙa ba ta samun daƙiƙa ashirin kin tsallake ta. Da yawa daga cikin waƙoƙin da suka fi daɗewa a ran mutane ba sa buɗe ƙofa da wuri. Sai a baiti na biyu ko na uku mawaƙin ke kama hanya. Ruwan omo shi ke tilasta miki ki ba ta haƙƙinta har ƙarshe. Shawarata, kada ki yanke wa waƙa hukunci sai kin ji ta a ranaku uku daban-daban. Kuma kada ki jera sababbi ashirin a jere, kunne zai gaji ya haɗa su duka ya zubar. Ki sa biyu da kika sani, ki sa sabuwa ɗaya, ki sake komawa. Sababbi huɗu ko biyar sun isa mako guda. Wadda ta sha ji uku ba ta motsa ki ba, goge ta, ba dole. Akwai waƙoƙi marasa daɗi da yawa a kasuwa, wannan ma gaskiya ce, kuma wasunsu ta hannun irinmu suka fito.

Sai batun abin da kike jin waƙar da shi, wanda nan ne aikina. Ina kyautata zaton a sifikar waya kike kunnawa, wayar na kan taga ko kan buhun shinkafa, famfo na zuba, ƙarfen tukwane na karo. In haka ne, rabin waƙar kawai kike ji. Sifikar waya ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, kuma sautin da ke ƙasa da girgiza 200 a daƙiƙa kusan ba ta iya fitar da shi. A can ƙasan kuwa dukan nan mai kauri yake, wanda ake ji a ƙirji, wanda muke kira bes, kuma shi ne ke sa ƙafa motsi. Abin da ya rage sai murya da ƙarar ƙarafa, su kuma ƙarar ruwa da ta soso a kan tukunya suna danne wani ɓangare nasu. Tsohuwar waƙa ba ta damu ba, domin ƙwaƙwalwarki tana cike gurbin abin da kunne bai ji ba. Sabuwa ba ta da wannan gatan. Mu kanmu in mun gama haɗa waƙa a manyan sifikun situdiyo, sai mun tura ta a ƙaramar waya mun fita tsakar gida mun ji, domin mun san a nan yawancin mutane za su ji ta. Amma duk dabararmu ba za mu iya sa ƙwayar gyaɗa ta yi rurin ganga ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. 'Yar ƙaramar sifikar Bluetooth, irin wadda ake sa wa memori, ta wadatar. Ki ajiye ta a kusurwar ɗaki ko ta jingina da bango, bangon zai ƙara mata kauri. In babu, ki sa wayar cikin busasshen kwanon silba ko kofi mai faɗin baki, ɓangaren sifikar na ƙasa. Ƙarar za ta ƙaru, ko da kaurin ba zai dawo ba. Ki nisanta ta da murhu, domin batirin waya ba ya shiri da zafi, kuma kada ki taɓa wayar da ke caji da jiƙaƙƙen hannu.

Game da saurin kiɗa, kakanninmu sun riga kowa sani. Duk wanda ya taɓa ganin lugude ya ga yadda mata biyu ko uku ke zagaye turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, babu wadda ta bugi wata. Ga waƙar niƙa a bakin dutse, inda mace ke sauke abin da ke ranta game da kishiya ko uwar miji da sunan waƙa. Ga gangar noma a gayya, makaɗi na bin bayan samari suna kai kunya. Amma ki lura da bambanci ɗaya: a can, mai aikin ce ke da kiɗan. In hannu ya gaji waƙar ta lafa, in ƙarfi ya dawo ta tashi. Waƙar waya ba ta san kin gaji ba. Ke ce za ki bi ta. Shi ya sa zaɓin sauri yake da muhimmanci. Yawancin mutane in suna tafiya ta ɗabi'a takunsu yana kusa da 120 a minti, kuma waƙoƙin rawa na zamani da yawa bugunsu yana tsakanin 100 da 120 a minti, don haka suna hawa daidai da shara, goge ƙasa da cuɗa wanki. Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel a Landan, wanda ya daɗe yana nazarin kiɗa da motsa jiki, ya nuna cewa kiɗa na rage jin wahalar aiki matsakaici da kusan kashi 10 cikin 100. Ba gajiyar ce ta ragu ba, jin ta ne ya ragu, don haka bayanki zai gaya miki gaskiya da daddare. Aikin wuƙa kuwa, yankan albasa, alayyahu ko kuɓewa, kada ki haɗa shi da kiɗa mai gudu. Hannu yana bin kiɗa ko ba ki umarce shi ba.

Turawa ma sun taɓa cin karo da wannan. A 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, BBC ta fara wani shiri na rabin awa don ma'aikatan masana'antu a Ingila, aka ci gaba da shi har 1967. Dokokin shirin sun haɗa da cewa kiɗan ya kasance wanda ma'aikata suka sani, kada ya yi sanyi ainun, kada ƙararsa ta riƙa hawa da sauka. Har akwai waƙar da aka hana sawa saboda tana da gaɓar tafi, ma'aikata na ajiye aiki su tafa ko su buga kayan aikinsu a kan inji. Su waɗanda ake kunna wa suna gaban injin da zai iya cire wa mutum yatsa. Bahon wankinki ba shi da wannan haɗarin, amma gas da tafasasshen mai suna da shi.

A nan ne zan fi tsaya wa maigida. Mai girki da kunne take girki fiye da yadda ta sani. Ƙarar mai ce ke gaya miki ya yi zafin da za a saka ƙosai. In ruwan shinkafa ya tsotse, sautin tukunya yana sauyawa daga ɓararraka zuwa wani ɗan tsatstsaga tun kafin hanci ya ji ƙauri. Talge in ya fara bori ana ji. Hucin gas da ke zurara, kukan yaro a ɗaki, shirun yaro mai rarrafe wanda ya fi kukan ban tsoro in akwai bokitin ruwa a tsakar gida, sallamar baƙo, kiran salla: duk da kunne ake kama su. Saboda haka iyafis a kunne biyu ba shi da wuri a kicin, ballantana irin mai toshe ƙarar waje. In dole ne, kunne ɗaya. Iyafis mai igiya kuma ya fi muni, domin igiyarsa na iya sarƙe hannun tukunya. Kuma da zarar kin ɗora abin da zai jira, ki sa ƙararrawar waya. Kiɗa yana rikita lissafin lokaci. Minti goma sha biyar sai su zama kamar biyar. Wasu na ƙidaya da waƙa, su ce bayan waƙa huɗu zan duba, amma wannan da sananniyar waƙa kawai yake aiki. Ta zamani minti uku zuwa biyar ce, ta makaɗan gargajiya kuwa wata sai ta haura minti ashirin ba a sauke ba.

Ƙarfin ƙara shi ne abin da mutane suka fi rainawa, kuma shi ne ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. In ya kai 90, awa 4 ne kawai a mako. In ya kai 100, minti 20. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Inda aikin gida ke shigowa shi ne: blanda na markaɗe, janareta na ruri a bayan taga, famfo na zuba a bokitin ƙarfe, sai ki ƙara murya don ki rinjaye su, ki ƙara, ki ƙara, ba ki san kin kai ƙarshe ba. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ma'auni mai sauƙi: in wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ki sai ya ɗaga murya kafin ki ji shi, ya yi yawa. In kin cire iyafis kin ji kunne na ƙara kamar kukan gyare, ya riga ya wuce. Lokacin da blanda ko janareta ke aiki, dakatar da waƙar ya fi ƙara ta. In a gidan haya kike, wannan ma'aunin zai raba ki da maƙwabta lafiya.

Wajen samo sababbin, ƙanwarki hanya ce mai kyau, domin ta san ki. Rediyo ma har yanzu ba a kai shi ba wajen kawo abin da ba ki nema ba. Manhajoji irin su Audiomack da Boomplay da Spotify suna kawo miki ne bisa abin da kika saba ji, don haka in kullum iri ɗaya kike kunnawa, 'yan uwansa za su yi ta jero miki. Sai kin fita da gangan kin taɓa wani abu daban, na Nijar, na Mali, na Sudan, ko tsofaffin makaɗan da iyayenmu suka ji waɗanda a wurinki sababbi ne. Ta fuskar data, waƙa mai matsakaicin inganci tana cin kusan MB 1 a minti, wato wajen MB 60 a awa, bidiyo kuwa yana ninka haka sau da yawa, alhali ke ba kallo kike ba. Ki sauke su a waya tun da dare, da safe ki kashe data, saƙonni ma su bar ki ki yi aiki.

Abu ɗaya da zan ƙara saboda yaran nan uku: waƙar da ba ki taɓa ji ba, ba ki san abin da ke baiti na uku ba, kuma ba duk abin da ke yawo a waya ne ya dace da tsakar gida ba. Yaro ɗan shekara huɗu ji biyu yake yi ya haddace, kuma a gaban surukai zai rera. Jin farko ki yi shi suna makaranta ko suna barci. Duk abin da na faɗa ya shafi ƙasidu da waƙoƙin yabo da na wa'azi, domin su ma magana ce mai neman hankali. Karatun Alƙur'ani kuwa hukuncinsa daban ne, aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da a saurara a yi shiru in ana karanta shi, don haka yadda za a haɗa shi da aiki tambaya ce ta malaman addini.

Gobe in Allah ya kai mu, ki ware sababbi huɗu daga cikin na ƙanwarki, ki cakuɗa su da tsofaffi takwas, ki kunna su a kan wanki. In kin tashi ɗora tukunya ki kashe, ko ki bar tsofaffin kaɗai a ƙasa-ƙasa tare da ƙararrawa. Ki maimaita jerin nan ba tare da sauya shi ba har ƙarshen mako, sannan ki zaɓi na ajiyewa.